Da Wace Tiya Aka Auna Masu Sida?

Wani saƙon murya ne yake yawo a WhatsApp, har ya iso fadarmu a Sabon Gari ana cikin shan shayi. Mai maganar, da muryar wanda ya bankaɗo babban sirri, yana cewa wai a Amurka an kwana an tashi adadin masu sida ya ninka biyu a 1993, ba don mutane sun ƙara kamuwa ba, sai don likitoci sun zauna sun sauya ƙa'idar da ake bi kafin a ce mutum yana da cutar. Daga nan ya yanke hukunci: sida lissafin Turawa ce, a takarda take, ana ƙara ta ana rage ta gwargwadon kuɗin da ake son ci.

Wani dattijo da ke tare da mu ya juyo ya ce mini, "To Malam, kai da ka yi boko, ƙarya ya yi?"

Abin haushin shi ne rabin maganar mutumin gaskiya ce. Adadin ya ninka, kuma sauya ƙa'ida ne ya ninka shi. Hukuncin da ya ɗora a kai ne ruɓaɓɓe, kuma irin wannan ruɓar tana kashe mutane.

Ga matsayina tun daga farko. Sauya ƙa'ida yana sauya adadi, wani lokaci ma sosai, amma ba ya ƙara ko rage mutum ɗaya daga cikin masu ɗauke da ƙwayar cutar. Sauyin kansa ba laifi ba ne, sau da yawa ma gyara ne. Laifin yana kan duk wanda ya karanta wa jama'a adadi, minista ne ko ɗan jarida ko ma'aikacin ƙungiya, bai faɗi da wane ma'auni aka samo shi ba. Duk wanda ya taɓa sayen hatsi a kasuwar Dole ya san cewa in aka sauya tiya, yawan tiyoyin da ke cikin buhu zai sauya, geron kuma yana nan yadda yake. Ba wanda zai ce geron ƙarya ne. Tambayarsa ita ce da wace tiya aka auna.

Abin da ya faru a 1993

Sai mun raba abu biyu da muke haɗawa a baki. Akwai ɗaukar ƙwayar cutar, wato VIH ko HIV. Akwai kuma sida, matakin da garkuwar jiki ta rushe har cututtukan da mai lafiya yake turewa suke kayar da mutum. Tsakanin biyun, in babu magani, akan yi shekara takwas zuwa goma. Ƙwayar cutar gwajin jini yake nuna ta. Amma ranar da za a ce mutum ya shiga matakin sida, wannan layi ne da mutane suke jawa, domin jiki a hankali yake lalacewa, ba ya buga ƙararrawa.

Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta fara ba da rahoton cutar a watan Yuni na 1981, kan wasu samari biyar a Los Angeles. Ta fitar da ƙa'idarta ta farko a 1982, tun ba a gano ƙwayar ba, don sai a 1983 aka gano ta a cibiyar Pasteur ta Paris. An gyara ƙa'idar a 1985 da gwajin jini ya samu, aka sake gyara ta a 1987, aka sa ramewa mai tsanani da taɓuwar ƙwaƙwalwa.

Babban sauyin ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 1993. Aka ƙara cututtuka uku: tarin fuka na huhu, ciwon huhu mai tafiya yana dawowa, da sankarar bakin mahaifa. Sannan aka ce duk mai ɗauke da ƙwayar da sojojin jikinsa, waɗanda ake kira CD4, suka gaza 200 a cikin mikrolita ɗaya ta jini, ya shiga lissafi, ko da yana tafiya da ƙafarsa yana zuwa aiki. Mai lafiya yakan sami 500 zuwa 1,500.

A 1992 an kai rahoton mutum kusan dubu 49. A 1993 aka kai 103,500. Mutanen nan ba daga sama suka faɗo ba. Suna nan tun da, likitocinsu sun san su, takardun gwajinsu suna cikin durowa, sai aka buɗe ƙofa suka shigo lissafi a tare. Shi ya sa a 1994 adadin ya sauko zuwa wajen dubu 80. Mace-mace kuwa ba su ninka a 1993 ba. Sun ci gaba da hawa a hankali har 1995, sannan da haɗin magunguna uku ya zo a 1996 suka faɗi warwas, kusan rabi a 1997. Ƙa'ida ba ta haƙa kabari, ba ta kuma cike shi.

Ƙasashen Turai sun karɓi cututtukan nan uku a shekarar, amma suka ƙi karɓar ma'aunin CD4. Ke nan mutum ɗaya, da jini ɗaya, a New York yana cikin masu sida, a Paris kuma bai shiga ba tukuna. Wanda ya jera adadin ƙasashen biyu bai faɗi wannan ba, ya yaudari mai sauraro ko bai yi niyya ba.

Tiyar da aka ba Afirka

Nan ne mai saƙon muryar zai fi samun abin kamawa, da ya sani.

A watan Oktoba na 1985 Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta tara masana a Bangui, babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya. Matsalarsu a fili take: yawancin asibitocin Afirka ba su da kayan gwaji, ga mutane suna mutuwa, kuma ana son a san yawansu. Suka tsara ƙa'idar da malamin asibiti zai iya bi da ido da tambaya kawai. Manyan alamomi uku ne: ramewar da ta wuce kashi 10 cikin 100 na nauyin jiki, zawo fiye da wata guda, masassara fiye da wata guda. Ƙanana kuma sun haɗa da tari fiye da wata, ƙaiƙayin jiki, farin abu a baki da maƙogwaro, da kaluluwa a sassan jiki. Wanda ya haɗa manya biyu da ƙarama ɗaya, kuma ba a san wani dalili kamar sankara ko matsananciyar yunwa ba, sai a rubuta shi.

Duk ɗan Damagaram da ya karanta wannan zai ce, "Ai wannan mai tarin fuka ne." Kuma ya yi gaskiya. Mai tarin fuka yana rama, yana masassara, yana tari. Ƙa'idar Bangui ta ƙirga wasu da ba su da ƙwayar ko kaɗan, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Kuma kuskuren ya fi yawa a wuri irin namu, inda VIH ba ta da yawa amma tarin fuka da ƙarancin abinci suke ko'ina. Da a ce da ita ake ƙirga a Tanut ko Gure bayan damina ta ƙi, da an ɗora wa bayin Allah da yawa sunan cutar da ba su da ita.

Sai dai kuskuren fuska biyu gare shi, kuma masu cewa an ƙirƙiro sida ɗaya kawai suke nunawa. Da aka gwada ƙa'idar a kan majiyyata a wani babban asibiti na Kinshasa, aka buga sakamakon a 1987, an ga cewa cikin goma masu ɗauke da ƙwayar wajen shida kawai take kamawa. Huɗu suna zillewa. Ga kuma dubban da suka mutu a ƙauye ba su taɓa taka asibiti ba balle a rubuta su. Adadin da ƙasashen Afirka suka riƙa aika wa OMS a waɗancan shekaru ya gaza gaskiya ne nesa ba kusa ba.

Kuma an daɗe da barin wannan hanyar. A 1994 OMS ta faɗaɗa ƙa'idar ta sa gwajin jini a ciki, bayan binciken da aka yi a Abijan. Yau mace mai awon ciki a ƙaramin asibiti, wato CSI, ɗigon jini ake ɗauka a yatsanta, sakamako ya fito kafin ta bar wurin, in ya nuna akwai a sake tabbatarwa da wani gwajin. Wanda yake kafa hujja da Bangui a yau yana faɗa ne da abin da aka ajiye shekara talatin da suka wuce.

"Ai don kuɗi ne"

Ba zan ce kuɗi ba ya bin adadi ba. Yana bi. Mun zauna da ƙungiyoyi a garin nan, mun san yadda rahoto mai manyan lambobi yake buɗe aljihun masu bayarwa. Zargin yana da tushe, shi ya sa yake shiga kunne.

Amma a duba wa ya matsa aka yi sauyin 1993. Mata ne masu fafutuka, da ƙungiyoyi irin su ACT UP, suka yi shekaru suna zanga-zanga. Tsohuwar ƙa'idar an gina ta ne a kan cututtukan da aka gani a jikin maza. Mace sai ta yi ta fama da ciwon huhu da cututtukan mahaifa har ta mutu ba a rubuta ta a matsayin mai sida ba, kuma tallafin gwamnati na naƙasa da wannan rubutun ake samunsa cikin sauƙi. Da aka gyara, ƙaruwar da aka gani a wajen mata ta fi ta maza. Gwamnati ce ta ƙara ɗaukar nauyi, ba ita ta ci riba ba.

Sannan in ƙara adadi ne sana'ar, me ya sa suke rage shi da hannunsu? A 2006 ONUSIDA, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da sida, ta ce mutum miliyan 39.5 ne ke ɗauke da ƙwayar a duniya. A 2007 ta ce miliyan 33.2. Ba miliyan shida ne suka warke ba. Da, ana auna mata masu ciki ne a wasu asibitocin birane a ɗora lissafin ƙasa a kai. Da aka fara bin gida-gida ana gwada maza da mata, birni da ƙauye, sai aka ga an yi sama da yawa. Indiya kaɗai ta sauko daga miliyan 5.7 zuwa wajen 2.5.

Maƙwabtanmu ma haka. Nijeriya ta daɗe tana cewa mutum fiye da miliyan uku. Bayan babban binciken gida-gida na 2018, aka sanar a watan Maris na 2019 cewa wajen miliyan 1.9 ne, kashi 1.4 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 49. Na ji masu murna suna cewa an ci rabin cutar da yaƙi. Wannan ma kuskure ne, ƙanin na mai saƙon murya. Shi ya ga adadi ya hau ya ce ƙarya, su sun ga ya sauka sun ce nasara, dukansu ba su tambayi ma'auni ba.

Inda wannan tunani yake kaiwa ba sai an yi duba ba. Thabo Mbeki, lokacin da yake shugaban Afirka ta Kudu, ya saurari masu shakkar cewa VIH ce ke kawo sida, gwamnatinsa ta ja ƙafa wajen ba da magani. Masu bincike na jami'ar Harvard sun ƙiyasta a 2008 cewa jinkirin ya ci rai fiye da 330,000 tsakanin 2000 da 2005.

Mun taɓa ganin irin wannan a gida

Ba sai mun je Amurka ba. Bayan yunwar 2005 da ta fi tsanani a jihohin Maraɗi da Damagaram, kowa ya san cibiyoyin tamowa, ya san ƴar igiyar nan mai launi da ake ɗaura wa yaro a damtse. A 2006 OMS ta fitar da sabon ma'aunin girman yara, ya maye gurbin tsohon da aka gina a kan yaran Amurka. A 2009 OMS da UNICEF suka matsar da iyakar damtse daga milimita 110 zuwa 115, suka kuma faɗa da bakinsu cewa sabon ma'aunin zai ninka yawan yaran da ake ƙirgawa cikin tamowa mai tsanani sau biyu zuwa huɗu.

Shin akwai uwa a Magarya ko Matamai da ta ce tamowa ƙirƙira ce don an matsar da layi? Yaron da damtsensa ya kai 112, wanda da ake mayar da shi gida sai ya ƙara lalacewa, yanzu yana samun Plumpy'Nut, abincin nan na gyaɗa mai maganin tamowa, da wuri. Lambobin cibiyoyi sun hau, yara da yawa sun rayu. Amma wanda ya ɗauki rahoton kafin sauyin ya jera da na bayansa ya ce yunwa ta ninka, shi ma ya faɗi abin da ba haka ba.

To a bar ƙa'idar yadda take mana

Wannan ita ce hujjar da na fi girmamawa, don masu lissafi da kansu suna kuka da ita. In kana sauya ma'auni kowace shekara biyar, ta yaya za ka san ko gaba kake yi ko baya?

Amsata ita ce ƙa'ida aiki biyu take yi, kuma ba kullum suke jituwa ba. Mai lissafi yana son ta tsaya cak don ya kwatanta bara da bana. Mai jinya yana son ta bi ilimi, don ita ke yanke wa za a ba magani. In suka yi karo, ni ina bayan mai jinya.

Dubi maganin rage kaifin cutar. A 2006 OMS ta ce a fara ba mutum in CD4 ta sauka zuwa 200. A 2010 ta ce 350. A 2013 ta ce 500. A 2015 ta ce duk wanda gwaji ya nuna yana da ƙwayar a fara ba shi, kada a jira. Kowane mataki bincike ne ya nuna fara magani da wuri yana hana mutuwa, yana kuma hana yaɗawa. Amma ga abin da ya yi wa lissafi. A ƙarshen 2009 mutum miliyan 5.25 ne ke shan magani a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi. Da tsohuwar ƙa'ida, kashi 52 cikin 100 ne na mabuƙata. Da sabuwa, kashi 36. Mutanen su ne, ƙwayoyin da suke haɗiya su ne. Ɗan adawa zai iya ɗaukar 36 ya ce gwamnati ta gaza, minista ya ɗauki 52 ya ce an wuce rabi, kuma babu wanda ya ƙirƙiri lamba a cikinsu.

Abin da ya burge ni shi ne rahoton da ya kawo wannan ya buga lambobin biyu gefe da gefe. CDC ma a 1993 ta raba waɗanda suka shigo ta sabuwar ƙofa da waɗanda da ma za su shiga ta tsohuwa. Maganin matsalar ke nan, kuma ba shi da tsada: in ka sauya ma'auni, ka ci gaba da ba da lissafin biyu na ɗan lokaci. Masana suna yin haka a takardunsu. A hanya tsakanin takardar da makirufo ne bayanin yake faɗuwa.

Namu lissafin

A Nijar an ba da rahoton mai sida na farko a 1987. Binciken ƙasa na 2002 ya ba da kashi 0.87 cikin 100, na 2006 ya ba da 0.7, na 2012 ya ba da 0.4. Alhamdu lillahi, muna cikin ƙasashen da abin ya yi wa sauƙi a Afirka. Amma kashi 0.4 yana nufin mutum arba'in cikin dubu goma da aka gwada. In aka raba arba'in ɗin nan ga jihohi takwas, kowace ta sami ƴan ƙalilan, mutum uku ko huɗu sun isa su ɗaga jiha ko su sauke ta. Saboda haka in na ji ana cewa jiha kaza ta fi jiha kaza, ko Damagaram ta hau ko ta sauka, ba na saurin tafi, ba na saurin salati.

Akwai kuma wani abu da ke rikita mutane. Tun da aka fara ba da magani kyauta a tsakiyar shekarun 2000, wanda da zai mutu cikin shekara biyu yanzu yana aurar da ƴaƴansa. Yana raye, don haka yana cikin lissafi. Yawan masu ɗauke da ƙwayar zai iya tsayawa ko ya ƙaru alhali aiki yana kyau. Haka in aka kai kayan gwaji CSI ɗin da ba ta da su, shekara mai zuwa za a ji "an sami ƙaruwar masu cutar" a yankin, alhali ganinsu ne aka fara yi.

Wani zai ce talaka ba zai gane wannan dogon bayani ba, a ba shi lamba ɗaya ya wuce. Ban yarda ba, kuma raini ne. Manomin da ke lissafin zakkar damma, da matar da ke riƙe da adashin mutum ashirin a kanta ba takarda, ba za su kasa gane "bana mun gwada mutane ninki biyu na bara" ba. Jimla ɗaya ce. In ba a faɗa musu ba, mai saƙon murya zai faɗa musu rabinta, da tasa fassarar.

Ga ƴan jaridarmu na rediyo, musamman ranar 1 ga Disamba, ranar sida ta duniya, da ake tara ku a karanta muku jawabi: in jami'i ya ce adadi ya hau ko ya sauka, ku ce, "Ranka ya daɗe, masu ɗauke da ƙwayar ake nufi ko waɗanda suka kai matakin sida? Ƙirga su aka yi ɗaya-ɗaya ko ƙiyasi ne? Mutum nawa aka gwada bana, nawa bara? An sauya ƙa'ida a tsakani?" Jami'in da ya san aikinsa zai ji daɗin tambayar.

Ni kuwa lambar da na fi so in ji daga jiharmu wata ce dabam. Tun 2017 OMS tana kiran duk babban da ya zo da CD4 ƙasa da 200, ko da manyan alamomin ciwo, mai cutar da ta yi nisa. Wato layin nan na 1993 bai mutu ba, aiki aka sauya masa: yanzu yana nuna wa ya makara. Mata suna haɗuwa da gwaji wajen awon ciki. Namiji kuwa, wanda ya tafi cin rani Kano ko Legas ko Libiya ya dawo, babu abin da ke kai shi gaban mai gwaji sai ciwo ya kwantar da shi, bayan an gama zagayen masu magani a gida. A faɗa mana, cikin waɗanda aka gano bana a Damagaram, nawa ne suka zo a wannan hali, maza nawa mata nawa, a kuma faɗa mana asibitoci nawa ne suke da na'urar auna CD4 ɗin da ke aiki.